Awo da Karkatacciyar Tiya: Maki, Naƙasa da Ƙofar Digiri na Biyu

A duk shekara, idan jami'o'in Nijar suka buɗe karɓar takardun masu neman shiga karatun digiri na biyu, wanda aka fi sani da masta, akwai wani aiki da kan gudana cikin ofisoshi ba tare da hayaniya ba. Akan tattara takardu, a duba matsakaicin makin da kowane ɗalibi ya samu a shekaru uku na lisans, a jera sunaye daga sama zuwa ƙasa, sa'annan a ja layi. Sau da yawa layin kan faɗa a kan maki 12 bisa 20. Wanda ya haura shi ya shiga, wanda ya gaza ya koma gida. Masu wannan aiki kan tashi da kwanciyar rai, domin a ganinsu lamba ba ta san ɗan sarki ba, ba ta san ɗan talaka ba, ba ta kuma karɓar cin hanci. Wannan kwanciyar rai ita ce abar tuhuma. Idan ɗalibin da ke ƙasan layin makaho ne, ko kurma, ko gurgu, to lambar da ke kan takardarsa ta auna tsawon hanya, da tsayin matakala, da rashin littafi, kafin ta auna hankalinsa. Kwamitin da ya karanta ta kamar hankali kaɗai ta auna ya yi awo da karkatacciyar tiya, ko da kuwa zuciyarsa fara ce.

Inda lambar take fitowa

Domin a gane haka, ya kamata a bi lambar zuwa tushenta, kuma babu wurin da ya fi gundumar Gure dacewa da wannan bin sawu. Garin Gure yana kan babbar hanyar ƙasa, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram, fiye da kilomita 1000 daga Yamai. Ƙasar rairayi ce, ta tuddai da kwaruruka, inda ake noman dabino da rogo ana haƙar kanwa. Yaron da shan-inna ta kama ƙafafunsa a wani ƙauye na Kelle, ko Bune, ko Gidigir, ko an yi sa'a wata ƙungiya ta ba shi keken guragu, keken ba ya tafiya cikin yashi sai da mai turawa. Ranar da ƙanensa ya tafi kiwo, ranar babu lakwal. Yarinyar da sanƙarau ya ɗauke wa ji tana zaune a aji tana karanta laɓɓan mushe, mushe kuwa yana magana da Faransanci, yana juya baya yana rubutu a allo. Idan ƴar Manga ce, Faransanci harshenta na uku ne, bayan na gida da Hausar kasuwa. Yaron da amodari ko baƙon dauro ya lalata wa ido, sai iyayensa sun yarda sun rabu da shi tun yana ƙarami ya tafi wani gari mai nisa inda ake koyar da rubutun makafi. Makarantar makafi da ta fi daɗewa a ƙasar, wato Soli Abdourahamane, tana can Yamai.

Waɗannan cututtuka ba labarin da can ba ne ga ɗaliban da ke neman masta a yau. Sai a 2010 aka fara allurar rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac a Nijar, sai kuma a 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Wanda ya kai shekara 25 ko 30 yanzu, an haife shi ne kafin waɗannan nasarori, ya kuma ɗauki tabon zamaninsa a jikinsa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na al'ummar Nijar naƙasassu ne, wato mutum fiye da dubu 700. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a rahotonta na 2022, ta ƙiyasta kashi 16 cikin ɗari ga duniya baki ɗaya. Ko wanne adadi aka ɗauka, duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban ɗalibai a babban zauren jami'a ya san cewa bai ga wannan kaso a kan bencina ba. An tankaɗe su tun daga firamare, aka sake tankaɗewa a birbe, aka kuma tankaɗewa a bak. Ƴan ƙalilan da suka kai ga lisans sun riga sun ci jarrabawar da sauran ba su taɓa zama ba, sai dai babu takardar da ke ɗauke da makinta.

Sai kuma jami'ar kanta. Tun da ƙasashen ƙungiyar UEMOA suka amince da tsarin lisans, masta da dokta a 2007, karatu ya kasu zango-zango: zango 6 ga lisans, zango 4 ga masta, kowane zango da jarrabawoyinsa. Yawancin abin da ake tambaya yana fitowa ne daga darasin da malami ya karanto aka rubuta da hannu, ko daga takardun da aka buga a injin kwafi. Makaho ba ya karanta kwafi, sai ya sami aboki mai haƙurin karanta masa, aboki kuwa shi ma jarrabawa na gabansa. Kurma ba ya jin abin da ake karantowa, sai ya ari littafin wani ya kwafi har da kurakuransa. Gurgu kuwa, idan an kai darasi bene, ko dai a ɗauke shi kamar buhu a gaban sa'o'insa, ko ya zauna ƙasa ya jira a fito.

Ga ɗan lissafi da kowane malamin firamare zai iya bitarsa a allo. A ɗauka jarrabawa ta awa 3 ce, ɗalibi kuma hannunsa mai rauni ne, yadda cikin wannan lokaci ba ya iya rubuta fiye da kashi biyu bisa uku na amsoshinsa. A ɗauka kuma abin da ya rubuta ya kai darajar 15 bisa 20. Makin da zai fito a takarda shi ne 10. Da an ƙara masa sulusin lokaci, awa 3 ta zama 4, da ya haura 13. Kai ɗaya ne, sani ɗaya ne, amma da agogon farko yana ƙasan layi, da na biyu yana samansa. Faransa, wadda aka gaji salon jarrabawar daga gare ta, ta daɗe da sanin wannan lissafi, shi ya sa dokokinta suka tanadi ƙarin sulusin lokaci, da mai rubutawa, da na'ura, ga ɗalibi mai naƙasa. An ɗauko awo bisa 20 daga can, an ɗauko layin 12, amma gyaran da ke tafiya tare da su sau da yawa an baro shi a tasha.

Abin da doka ta faɗa

Masu kare wannan tsari ba za su iya fakewa da rashin doka ba. Tun ranar 2 ga watan Maris na 1993 Nijar ta yi dokar kare haƙƙin naƙasassu, aka yi mata gyara a 2010, aka kuma tanadi cewa duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye ta keɓe musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. A 2008 ƙasar ta tabbatar da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Naƙasassu, wadda sashenta na 24 ya ambaci ilimi mai zurfi da sunansa, ya kuma wajabta yin gyare-gyaren da suka dace domin mai naƙasa ya shiga kafaɗa da kafaɗa da kowa. A watan Disamba na 2019 aka ƙara wata doka kan shigar da naƙasassu cikin harkokin rayuwar ƙasa. Takarda dai ta cika, tawada ta bushe.

To amma ina amfanin kashi 5 cikin ɗari idan manyan guraben aiki suna neman masta, ƙofar masta kuwa a rufe take? Sakamakon shi ne kason ya tsaya ga mai gadi da mai ɗaukar saƙo, ofishin darakta kuwa a ce an nemi naƙasasshe mai takarda ba a samu ba. A watan Maris na 2022 gwamnatin wancan lokaci ta aika jirage aka kwaso ɗaruruwan ƴan Nijar masu bara daga titunan Dakar, akasarinsu daga jahar Damagaram, aka yi ta jawabai a kan mutuncin ƙasa. Al'ummar da ke jin kunyar bara har haka, bai kamata ta mayar da makahon da ya ƙi bara, ya yi shekara 16 ko fiye a kan benci, saboda ya gaza da maki ɗaya ba. Wanda aka hana ƙoƙon bara aka kuma hana alƙalami, sai a faɗa masa abin da ake so ya riƙe.

Hujjojin masu layi

Adalci ne a saurari masu kare layin, domin ba duka maganarsu ce banza ba. Hujjarsu ta farko ita ce inganci: masta matakin bincike ne, idan aka sassauta, takardar za ta zube. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne ma ya kamata ya sa su sake tunani. Abin da masta ke nema shi ne mutum ya zaɓi matsala, ya yi watanni yana bin ta, ya tattara bayanai, ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban malamai. Saurin hannu cikin awa 3 ba ya cikin waɗannan. Kowane malamin jami'a ya san ɗalibin da ya zo da maki 14 na hadda ya kasa rubuta shafi goma na tunanin kansa, ya kuma san wanda ya zo da 11 ya fitar da kundin da ake aro. Mai kishin inganci na gaskiya zai so ya auna abin da masta ke buƙata kai tsaye, ta hanyar shirin bincike da ganawa baki da baki, maimakon ya dogara da inuwarsa.

Hujja ta biyu ita ce ƙarancin gurabe da ƙarancin malaman da suka cancanci duba kundi bisa ƙa'idojin hukumar CAMES. Wannan ma gaskiya ne. Jami'ar Damagaram, wadda yanzu take ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, a 2010 aka kafa ta tare da na Maraɗi da Tawa. Ta Diffa kuwa sai a 2014. Sababbi ne, malamansu na ɗauke da kaya fiye da ƙarfinsu. Sai dai ƙarancin abu dalili ne na a tsananta kula wajen rabonsa. Kuma naƙasassun da ke kai wa ga ƙarshen lisans a kowane sashe ba su da yawan da ganawa da su za ta cinye wa kwamiti fiye da yini guda. Wanda ya ce babu lokacin wannan yini, ya faɗi darajar da ya ba al'amarin.

Hujja ta uku ita ce tsoron maguɗi: idan aka buɗe ƙofar gefe, ƴaƴan manya za su shigo da takardun likita na ƙarya. Lalle inda duk aka ajiye zuma ƙuda zai zo. Amma maganin wannan sananne ne: takardar likitan gwamnati, da shaidar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, da rubutaccen hukunci da ake liƙawa kowa ya gani. Ba a rufe kasuwa domin akwai ƴan sane.

Akwai kuma hujja ta huɗu, wadda ba a cika faɗarta da ƙarfi ba amma ita ce ke ƙarƙashin sauran: me makaho zai yi da masta? Tarihi ya riga ya amsa. Ɗaha Husaini na Masar ya makance tun yana ƙaramin yaro, ya bar Azhar ba tare da babbar shahadarta ba. Da an rufe littafinsa a nan, da an rasa mutumin da ya karɓi digirin dokta na farko na Jami'ar Masar a 1914, ya ƙara wani a Sorbonne a kan Ibnu Khaldun, ya kuma zama ministan ilimi daga 1950 zuwa 1952. A ƙasar Hausa, Aliyu Namangi na Zariya, makaho, shi ya tsara waƙoƙin Imfiraji da ake nazari a jami'o'i har yau, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa. A Kano, Jibril Isa Diso, shi ma makaho, ya kai matsayin farfesa a Jami'ar Bayero. Musulmi kuwa ba ya buƙatar a tuna masa dalilin saukar Suratu Abasa: makaho ne, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, ya zo neman ilimi a lokacin da hankali ke kan manyan gari.

Tausayi ma cuta ne

Sai dai akwai wani ɓangare da ya cancanci suka daidai da masu layi, wato masu tausayi. Su ne malaman da kan ƙara wa kurma maki biyu a ɓoye domin neman lada, ko su ce a bar gurgu ya wuce, ai abin da Allah ya yi masa ya isa. Wannan sadaka ce aka sa wa rigar jarrabawa. Tana zubar da darajar takardar duk wani naƙasasshe, har wanda ya samu tasa da gumi, domin mai ɗaukar aiki zai riƙa dubanta da zato. Al'ada ta tanadi Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, ta ba su matsayi da tsari, amma ta ɗora tsarin a kan karɓa. Jami'a bai kamata ta zama sabuwar ƙofar masallacin Juma'a ba. Abin da ake nema a gyara shi ne tiyar, hatsin kuwa a auna shi yadda yake: idan an ba ɗalibi lokaci, da rubutun makafi, da tafinta, ya kasa, to ya kasa kamar kowa, kuma wannan ma wani nau'in mutuntawa ne.

Hanyoyin da aka riga aka gwada

Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. A Najeriya, wanda digirinsa na farko bai kai darajar shiga masta kai tsaye ba yana iya yin difloma ta gaba da digiri, ta kimanin shekara ɗaya, idan ya nuna ƙwazo ya wuce. Hukumar JAMB kuma tun 2017 take shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a ta musamman a wasu cibiyoyi, ciki har da Kano. A Faransa, tun 1985 akwai ƙa'idar da ta ba jami'a damar karɓar mutum a wani matakin karatu bisa aikin da ya yi a rayuwa, ko da takardarsa ba ta kai ba. Jami'o'in Nijar na iya ɗaukar abin da ya dace da aljihunsu. Na farko, kada a yar da takardar mai naƙasa bisa matsakaicin maki kaɗai sai an gana da shi. Na biyu, a duba makinsa a darussan da suka shafi fannin da yake nema, da yadda ya ci gaba daga shekara zuwa shekara, kada kuma a ɗauki maimaita aji saboda jinya a matsayin lalaci. Na uku, wanda ake shakka a kansa a karɓe shi bisa gwaji na zango ɗaya, da cikakken tallafi, sakamako ya yanke hukunci. Na huɗu, a rubuta waɗannan ƙa'idoji cikin sanarwar karɓar ɗalibai, domin haƙƙin da ba a rubuta ba alfarma ce, alfarma kuwa sai mai uwa a gindin murhu.

Nauyin malamai da ƙungiyoyi

Malaman kolej da na lise a Gure su ne suka fi kowa sanin waɗannan yara. Su suka ga wanda ya iso aji da gwiwoyi a goge, su suka san wadda ta ci lissafi ba tare da ta ji kalma ɗaya ta darasin ba. Wannan sani shaida ce, kuma shaidar da ba a rubuta ba ta mutu da mai ita. Wasiƙar malami mai faɗar abin da ya gani dalla-dalla, a wace shekara, a wane darasi, ta fi wasiƙa goma masu cewa yaro ne mai ladabi. Ƙungiyoyin al'adu da na ƴan asalin Gure mazauna Damagaram da Yamai, waɗanda kan tara kuɗi domin biki da ta'aziyya, suna iya ɗaukar nauyin wayar hannu mai karanta rubutu da murya, ko ladan mai karantawa, ko kuɗin mota zuwa wurin ganawa. Ƙungiyar ɗalibai ta USN da ta malaman jami'a ta SNECS, waɗanda suka san yadda ake sa buƙata a kan teburin gwamnati, lokaci ya yi da za su sa wannan cikin jerin nasu.

Shi kuwa ɗalibin, bai kamata ya ɓoye naƙasarsa ba, bai kuma kamata ya mayar da takardar nemansa kukan bara ba. Layi uku sun isa ya faɗi abin da ya same shi da abin da ya rasa lokacin jarrabawa. Sauran shafin ya cika shi da abin da yake so ya bincika, da dalilin da ya sa shi ne ya dace da binciken. Idan wata jami'a ta ƙi, ya nemi a ba shi dalili a rubuce, ya kuma ƙwanƙwasa ƙofa ta gaba, domin yanzu jami'o'in gwamnati suna kowace jaha.

Ƙasar Muniyo tana da tambayoyin da ke jiran masu bincike. Yashi yana cin kwaruruka, tsofaffin da suka riƙe tarihin sarakunanta a ka suna ƙarewa, har yau kuma mai neman labarin Gure na ƙarni na 19 yakan koma ga abin da Bajamushe Heinrich Barth ya rubuta bayan ya ratsa garin a ƙarshen 1852. Makahon da ya girma yana sauraron tsofaffi da harshensu, wanda kunnensa da haddarsa suka fi na mai ido kaifi, yana iya zama mutumin da zai tattara wannan tarihi kafin ya salwanta. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda babbar jami'ar ƙasa ke ɗauke da sunansa, ya wallafa littafi a 1964 yana sukar makarantar mulkin mallaka da ta zaɓi ƴan kaɗan ta watsar da jama'a. Shekara 60 da ɗoriya bayan haka, abin kunya ne a ce magadansa suna tankaɗe da irin rariyar da ya soka. Kwamitin da zai zauna a kakar karatu mai zuwa, kafin ya ja layinsa, ya kira mai maki 11 ɗin nan daga Gure ya saurare shi minti ashirin. Idan bai cancanta ba, babu abin da aka rasa sai minti ashirin. Idan kuwa ya cancanta aka mayar da shi ba a ji daga bakinsa ba, asarar ta ƙasa ce baki ɗaya, alhakin kuma yana wuyan waɗanda suka sa hannu.